Jirgin da Madi Ya Ɗaure a Tsallake

Daga Burlam, gabas da kogin Shari, cikin watan Sha'aban

Yaya Darman,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Ya Bintu da yara. Ni ce Habsita 'yar Malam Jidda, wadda kakarta da kakanka suka fito ciki ɗaya. In ka manta, ni ce yarinyar da ta tura ka ruwa ranar da za a kai ka karatu Barno, ka fito kana kuka kana neman hularka. An ce yanzu kai babban marini ne a Kalgiri, kuma har yau ba ka shiga ruwan da ya wuce idon sawu.

Ka yi haƙuri da rubutuna. Baba bai gama koya mini ba aka yi mini aure, abin da na tsira da shi ke nan.

Mu nan da sauƙi, sai ciwon ƙafa. Maigidana ya daɗe da rasuwa. Ɗa ɗaya ya bar mini, Madi, shi ke riƙe da jirgin fiton gidanmu. A kansa nake rubuto maka.

Ka fi ni sanin abin da ya faru cikin Rajab, tunda a ƙasarku aka yi shi. Rundunar ƙasarmu Bagarmi ta sauko ta ce za ta ci Barno kafin damina. Aka tara duk wani jirgi da ke gaɓar nan, 'yan fitonmu suka yi kwana da kwanaki suna tsallakar da su, mutane a ciki, dawaki na iyo a gefe. Madi ya shigo cin abinci sau ɗaya yana ta dariya, wai wani barde mai gashin jimina a ka ya yi amai a kan lifidinsa tun jirgi bai bar gaɓa ba. Na ce to wannan ne zai ci Barno? Ya ce, "Inna, mu dai namu fito ne. Wanda muka kai, mu dawo da shi."

Da tambura suka tafi, ba su dawo da ko ɗaya ba. An ce igwa ce ta watsa su. Ranar da suka juyo a guje, 'yan fitonmu na jiransu a gaɓarku, kowa a jirginsa, gora a kafe. Duk sun dawo gida, har wanda kibiya ta samu, ban da Madi. Abokan aikinsa sun ce sun ga ya zare gorarsa ya fita daga cikinsu, ya bi ruwa ya yi arewa shi kaɗai, ba kowa a jirgin. Ba wanda ya ce mini ya gudu. Amma ba wanda ya ce bai gudu ba, kuma mata sun rage shigowa gidana ɗibar wuta.

Arewa da mashigin nan, Kalgiri ce. Don Allah ka duba mini. Dogo ne baƙi, yana da wushirya da tabon ƙugiya a haɓa. Jirgin na maɗaci ne, ɗinkakke, doguwar gaske, an ƙona zanen kifi a goshinsa. In bawa aka mai da shi, ka gaya mini. In ya mutu, ka gaya mini inda yake kwance. Matarsa Amne tana nan wurina, ba ta san ko ta shiga takaba ko ta yi kitso ba.

Kaka Fanne mai busasshen kifi ce za ta kawo maka wannan, don ba mai tare tsohuwar da ke warin kifi. Na ba ta babban kifi, ragon ruwa guda, ta kai wa Ya Bintu. In ba ta kai ba, ka tambaye ta.

Ƙanwarka,
Habsita

Daga Kalgiri, cikin Azumi

Zuwa ga ƙanwata Habsita,

Bayan sallama irin ta addini da fatan alheri, ina yi miki barka da shan ruwa. Mu duka lafiya, sai zafi da tsadar baban rini. Ragon ruwa ya iso, rabinsa. Tsohuwar ta ce ɓera ne.

Ban manta ki ba, kuma ban yafe hular ba. Rubutunki kuwa sai na kai shi bakin ƙofa na karkata shi sannan na gane, kamar kaza ta taka shuni ta bi ta kan takarda. Amma na karanta duka, kuma idona ya yi ruwa.

Ki sani ni ban ga yaƙin ba. Da muka ji ƙarar igwa daga yamma na kwashi iyali muka shiga kurmi, ba mu fito ba sai da ƙura ta lafa. Kuma ki gane halin da nake ciki. An bar mana mahayan Barno suna gadin gaɓa, kowa ya san uwata daga wajenku take, mutumin da ya fita yana cigiyar ɗan Bagarmi yanzu, shi ma za a yi cigiyarsa. Don haka ban tambayi kowa ba, idona kawai na sa.

To ga albishir. Jirginku yana nan. Na same shi a wata 'yar gaɓa ƙasa da gari, inda mata ke wanki, ga zanen kifin a goshinsa. Ko katako ɗaya bai fashe ba, sai dai laka da ta cika shi. Yana ɗaure tsaf a saiwar wata giyayya, da ƙullin nan na gidan mijinki mai kunne biyu, wanda nake gani a mashiginku muna yara. Na daɗe ina kallonsa, na ce a raina, mutumin da ya tsaya ya yi wannan ƙulli ba a firgice yake ba, ba kuma mai rauni ba ne. Da ƙafarsa ya sauka. Ina kyautata zaton ya shiga cikin mutane ya ɓoye, yana jiran hanya ta buɗe. Yara irinsu akwai su nan da yawa, wasu har sun samu aikin noma.

Saboda haka ki kwantar da hankalinki, ki ce wa Amne ta yi kitsonta. Takardar nan kuma in kin karanta ki adana ta inda ido ba ya kaiwa.

Wanki mai ƙaunarki,
Darman marini

Daga Burlam, bayan Ƙaramar Salla

Yaya Darman,

Ina gaishe ka, ina gai da Ya Bintu. Muna lafiya. Ban iya doguwar gaisuwa yau ba.

Ka kashe ni da albishir ɗinka. Ni ban iya karatu a zuci ba, sai na ɗora yatsa ina furtawa da baki, yadda Baba ya koya mana. Ranar da Kaka Fanne ta iso, maƙwabta suka biyo ta har tsakar gida don jin labarin tsallake. Na zauna a tabarma na fara, baƙi bayan baƙi. Sai da na furta "yana ɗaure tsaf" kowa ya ji, sannan kunnena ya ji abin da bakina ya faɗa. Na ɗaga kai na ga mata suna gyara lulluɓi suna fita ɗaya bayan ɗaya. Wata ta tsaya a bakin ƙofa ta ce wa Amne, "To amarya, sai ki yi kitson, maigida ya samu gona a Barno."

An ɗauke ka daga nan kana ƙarami, ban ga laifinka ba, amma bari in tuna maka. Ɗan fiton Burlam ba ya ɗaure jirgi a gaɓar wasu muddin mutanen da ya kai suna tudu. Yana tsayawa a ciki ne, gora a kafe, ko zai kwana nawa, don duk wanda ya dawo a guje ya tarar da jirgi a shirye. Wanda ya ɗaure ya sauka, ya sayar da mutanensa ke nan. Tun kakanni ba a san wanda ya yi haka a gidan nan ba.

Washegari Sarkin Ruwa, tsoho Birma, ya zo da kansa. Shi ya yi wa Madi huɗuba ranar suna. Bai yarda ya zauna ba. Ya ce ya so a ce bai ji ba, amma gari ya ji. Ya ba ni zuwa ranar kamun farko na kifin bana, in ruwa ya fara ja baya. In ban kawo abin da ya wanke yaron ba, za a tuge turken gidanmu daga mashigi, inda kakansa da ubansa suka ɗaure jirgi, ba kuma za a ƙara ambaton sunansa a bakin ruwa ba. Kafin nan ba kuka, ba sadaka, ba zaman makoki, don ba a yi wa irin wannan kuka a Burlam, ko a raye yake ko a mace. Na ce na ji.

Yaya, na san ɗan da na haifa. Tun yana yaron da bai kai tsawon gora ba ya taɓa kwana a jirgi cikin sauro yana jiran wani Balaraben shanu da ya manta da shi ya tafi biki. Madi ba ya ɓoye cikin manoman kowa. Da yana numfashi da ya iyo ya zo. Zuciyata ta riga ta gaya mini ya mutu, kuma na karɓa. Abin da ban karɓa ba shi ne a ce ya bar mutane a tudu.

Ban ce ka yi ƙarya ba. Ƙullin nasa ne, ni na murza igiyar. In ya ɗaure, akwai abin da ya sa. Ka daina kallon jirgi, jirgi ba ya magana. Ka tambayi mutane. Wani ya gani.

Habsita

Daga Burlam, bayan Babbar Salla

Yaya Darman,

Sallama. Ina fatan kuna lafiya, an yi salla lafiya. Shiru ya yi yawa. Ban sani ba ko takardata ta iso, ko ta iso ka yi fushi. In maganata ta yi kaushi ka yafe, kai ne babba. Na san abin da na roƙe ka yana iya jawo maka wahala, kuma kana da yara.

Ruwa ya cika, ya shanye rairayin tsakiya, ya kai gindin turaku. Kullum da safe nakan je in duba namu. Wani Ramat, wanda turkensa ke can ƙarshe cikin ciyawa, ya fara auna wurin da ido. Jiya ya gaishe ni da ladabin da ya fi zagi ciwo.

Amne ta rame. Iyayenta sun aiko ta koma gida, ta ce ba inda za ta sai an faɗi sunan mijinta a bakin ruwa. In kuka ya taso mata takan shiga rumbu ta cusa zane a baki. Ni ban yi ba ko sau ɗaya. Ba zan yi wa ɗana kukan ɓoye kamar ɓarawo ba.

Wannan na ba wani mai kanwa ne, don ban ga Kaka Fanne ba tun kafin salla.

Ƙanwarka,
Habsita

Daga Kalgiri, ruwa na cike

Ƙanwata Habsita,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Takardunki biyu sun iso. Ban yi fushi ba, kunya na ji. Kaka Fanne zazzaɓi ne ya kwantar da ita a nan gidana, shi ya sa kika ji shiru, yau ta miƙe. Ki sa Amne ta zauna kusa da ke kafin ki ci gaba. Wannan kuma ki karanta da ƙarfi, kowa ya ji.

Madi ya rasu. Allah ya jiƙansa. Na tsaya a kan kabarinsa.

Ga yadda na sani. Cikin mahayan da ke gadin gaɓa akwai wani Modu Kura, ya kawo riga rini, ya zauna bakin karofi yana jira. Hira ta kai ga jirgin nan da ba mai taɓawa, sai ya ce shi a gabansa aka yi. Ba duk mutanenku ne suka samu babban mashigi ba. Wani ɓangare mai yawa, dakarun ƙasa da waɗanda dawakinsu suka faɗi, an koro su arewa har wurin wankin nan, inda ba jirgi ko ɗaya. Kin san kogin da bazara. Rairayi ya fito a tsakiya, daga can zuwa gaɓarku ruwa iyakarsa cinya. Amma tsakanin gaɓarmu da rairayin akwai makwarara, ba faɗi, sai zurfi da ƙarfi. Masu lifidin da suka faɗa ciki ba su fito ba, auduga ta sha ruwa ta ja su.

Ina jin ƙurarsu Madi ya hango ta yi arewa, shi ya sa ya fita daga cikin 'yan'uwansa. Da ya iso ya ga yawansu, ga dawakin Barno a bayansu, ya san in ya ce zai yi ta kai da kawowa ba zai kwashe ko kaɗan ba. Sai ya ɗaure goshin jirgin a saiwar giyayya, ya tura bayansa ya gitta makwararar, jirgi ya zama gada. A kan rairayi ba itace. Ya kafa gora, yashi ya ƙi riƙewa. Sai ya ɗaura igiyar baya a ƙugunsa, ya kafe dugadugansa a yashi, ruwa har ƙirji, ya jingina baya. Mutane suka riƙa bi ta cikin jirgin a guje suna dira kusa da shi. Lakar da na gani ta ƙafafunsu ce.

Modu ya ce da suka iso sai da suka ja linzami suka tsaya kallo. Yaron yana ta yi wa manyan barade tsawa kamar awaki, yana cewa, "Ku tuɓe lifidin nan. Ku bi tsakiya, 'yan gidan sarki, jirgin ubana ne, ba rumfar kasuwa ba." Shugaban su Modu ya ce a jefe shi. Mashin farko ya same shi a kafaɗa, bai gusa ba. Akwai wuƙa a ɗamararsa, kowa na ganinta. Da ya so, da ya yanke igiya ya bi su, ba mai kamo shi a rairayi. Ya tsaya har aka ja wani mai karyayyar ƙafa aka tsallakar, shi ne na ƙarshe. Sannan mashi na biyu. Da ya faɗi, ruwa ya mayar da jirgin gaɓarmu, igiya ta jawo shi tare.

Modu ya ce, "Na biyun nawa ne. Ban ɓoye wa kowa ba."

Habsita, hannuwana na cikin baba har gwiwar hannu. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Ɗan ƙanwata ne." Na ce a raina yau kwanana ya ƙare. Mutumin ya tashi daga kan turmin da yake zaune, ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Allah ya ba uwarsa haƙuri. Da za a sake, zan sake jifa, aikina ke nan. Amma ka gaya mata na yi yaƙi wuri da yawa, ban ga namiji irinsa ba."

Shi ya kai ni kabarin. Ba su zuba shi ramin da aka zuba sauran ba. Limaminmu ya yi masa wanka da salla, suka binne shi a kan tudu, inda ambaliya ba ta kaiwa. Ƙullin ƙugunsa ya ƙi kwantuwa, sai yankewa aka yi, liman ya ajiye igiyar. Ga ta nan cikin ƙunshin shuɗin zane a hannun Kaka Fanne. Jirgin kuwa matan wanki ne ke kwashe masa ruwa duk damina, ba wanda ya sa su.

Na yi miki mugun albishir da farko don na manta al'adar gidanmu. Wannan karon na tambayi mutane.

Wanki,
Darman

Daga Burlam, ruwa ya tsaya

Yaya Darman,

Sallama. Allah ya saka maka, ya tsare ka da iyalinka, ya kai haske kabarin iyayenka. Muna lafiya. Amne ta ci abinci.

Ban karanta a tsakar gida ba. Na duba farkonta ni da Amne, sannan na yafa zane na ɗauki takarda da igiya na tafi mashigi, inda dattawa ke zama gindin tsamiya suna ɗinkin katako. Na tsaya na karanta musu daga sallama har sunanka. Na daɗe, ka san karatuna, amma ba wanda ya yi tari. Da na zo wurin rumfar kasuwa, abokansa suka yi dariya, wani ya ce wallahi bakin Madi ne, sannan ya rufe fuska da hula.

Tsoho Birma ya karɓi igiyar. Ya juya ta, ya shinshina, ya zagaya ta a ƙugunsa, ta yi masa yawa. Ya nuna wa na kusa da shi inda ta miƙe ta sirance don ja, da inda ta yi baƙi.

Ramat ne ya yi magana. Ya ce labari ya yi daɗi, amma daga bakin wanda ya kashe shi ya fito, ta hannun marinin da ke tsoron ruwa. Tambaya ɗaya ce, ya ɗaure ko bai ɗaure ba?

Na ce, "Ya ɗaure, Ramat. Gefe ɗaya a itace, gefe ɗaya a jikinsa. Kai a ina ka ɗaure naka?"

Wannan ta ƙarshen bai kamata in faɗa ba, don shi ma ya yi fitonsa ranar, ya dawo da mutane. Amma ta riga ta fita.

Birma ya naɗe igiyar ya ajiye a gabansa. Sannan ya ce wanda igiyar jirgi ke ƙugunsa bai sauka daga jirgi ba, kuma mutanen da ya kai ya dawo da su, har da na wasu. Zuciyata ta yi sanyi. Sai ya ƙara da cewa amma jirgin Burlam na nan ɗaure a gaɓar wasu, kuma muddin yana can, magana ba ta mutu ba. Hannun gidan da ya ƙulla shi ne zai kwance, ya kawo shi turkensa kafin kamun farko. In ba haka ba, doka na nan yadda take. Ya faɗi haka yana kallon ƙasa, don ya san ba sauran namiji a gidan.

Na ce, "Baba Birma, wannan hannun na gidan wa ne?"

Wasu suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce mace ba ta tuƙa babban jirgi. Na ce ba a ce a tuƙa ba, an ce a kwance a kawo, kuma shekara nawa ina kallon mijina yana yi. Ya ce Allah ya kiyaye hanya.

To ina zuwa, ni da Amne, cikin ƙaramin kwalekwalen Kaka Fanne, ranar kasuwarku mai zuwa. Ka roƙar mana mahayan nan su kau da kai. Ka ce wa matan wanki kada wanda ya taɓa ƙullin. Shi Modu kada ka kawo mini shi. Ban ƙi shi ba, ya faɗi gaskiya inda ƙarya ta fi masa sauƙi, amma ban shirya ganin hannunsa ba.

In ka ga ban yi kuka a kabarin ba, kada ka ce zuciyata dutse ce. Har yanzu ba a ba ni izini ba.

Ka tanadi ƙwarya biyu na kwasar ruwa. Kai kuma ka tsaya a tudu, kada ka jiƙa wando.

Ƙanwarka,
Habsita

Daga Burlam, ana gobe kamun farko

Yaya Darman,

Sallama da godiya. Mun iso lafiya. Ka gai da Ya Bintu, ka ce mata turaren da ta ba Amne har yanzu yana jikin zanenta. Ka gai da liman da matan wanki. Ka ga tafiyarmu har muka shiga tsakiyar ruwa, na hango ka ka shiga har gwiwa kana ɗaga hannu, ban kuma gaya wa kowa ba. Ga abin da ba ka gani ba.

Ɗinkin jirgin ya saki a wurare, ruwa na shiga kamar kwando. Amne na kwasa, ni ina kan filafili, Kaka Fanne na zaune a tsakiya tana zagin kogi da kakanninsa. Ruwa ya kai mu can ƙasa kafin mu kama gaɓarmu. Daga nan ba tuƙi, sai ja. Muka sa igiya a kafaɗa muka bi gaɓa muna hawa, cikin laka da ƙaya. Ƙafata ta kumbura har na daina jinta.

A kwanar da ke kafin gari muka tarar da 'yan fito sun sauko duka, manya da yara. Ba wanda ya ce sannu, ba wanda ya taɓa igiya, don ba a yarda wani hannu ya shiga ba sai jirgi ya kai turkensa. Suka jera suna tafiya gefenmu. Inda na faɗi suka tsaya, na tashi suka ci gaba. Mutum ɗaya ya wuce gaba da adda yana sare mana ƙaya daga hanya. Ramat ne. Bai waiwayo ba, ni ma ban kira shi ba.

Rana ta yi tsaka muka iso mashigi. Mata sun cika gaɓa. Na shiga ruwa na kamo goshin jirgin, na ɗaure shi a turken gidanmu. Sai da na sake ƙullin sau biyu. Tsoho Birma ya sauko da sandarsa, ya ja igiyar ya ga ta kama. Ya juya ya fuskanci kogi, ya ɗaga murya yadda ban san yana da ita ba, ya ce, "Madi na Burlam ya dawo da jirginsa. Allah ya jiƙan Madi." Gaɓa duka ta amsa.

Sannan ya dube ni ya ce, "Habsita, yi kukanki."

Na zauna a nan cikin ruwa, na rungume goshin jirgin, na yi. Amne ta kama, mata suka kama, har wadda ta yi mata gorin kitso. Ban san tsawon lokacin ba. An ce tsuntsayen da ke tsallake sai da suka tashi. In ka ji wata murya daga kudu ranar Alhamis da tsakar rana, kada ka tambayi kowa. Ni ce, uwar Madi.

Ƙanwarka,
Habsita